Yadda ake haɗa waƙa da muryar Chipmunks, salon da ya kai wani lamba ɗaya a 1958

Duk wanda ya taɓa kallon katun ɗin Alvin da 'yan uwansa, wato Chipmunks, ya san siririyar muryar nan tasu mai ban dariya, to tun farko mutum ɗaya ne ya yi muryoyin gaba ɗaya, Ross Bagdasarian, ɗan Fresno a jihar Kalifoniya, wanda ya fi shahara da sunan David Seville, kuma da tefrikoda ya yi ta a 1958. Yau wayarka ma ta isa.

Fara da kiɗa. Ka haɗa shi a saurin da kake so mutane su ji, sannan ka rage masa gudu zuwa rabi daidai, za ka ji ya koma ƙasa yana jan jiki kamar kaset ɗin da batir ya kusa ƙare masa, kar ka damu haka ake so. A kan wannan kiɗan mai nauyi za ka ɗora murya, da muryarka ta kullum ba tare da ka matse maƙogwaro ba, amma a hankali sosai, kowane harafi ka ja shi ka buɗe baki ya fita tas. Nan ne mutane suka fi faɗuwa wallahi, suna rerawa da saurin da suka saba, in an ninka gudun sai ka ji kiri-kiri kawai ba wanda zai gane me ake cewa. In ka gama ka mayar da komai gudunsa na asali, kiɗa ya dawo daidai, murya kuma ta haura sama sosai.

In a kwamfuta ne, a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka zaɓi abin canza gudu, wanda yake ɗaga sauti da sauri tare. Akwai wanda yake ɗaga sautin kawai ya bar saurin, ni dai a kunnena bai ba da irin wancan rawar muryar.

Muryoyi uku kuwa ɗaya bayan ɗaya za ka ɗauka, kowacce a layinta da nata amon, yadda Bagdasarian ya yi. Sai ka ƙara ta huɗu wadda ba a taɓa gudunta ba, ta mutum sosai, don sai an ji ta kusa da su ake gane ƙanƙantar sauran.

Amma fa murya kaɗai ba ta sayar da faifai. Shi kansa ya riga ya gwada dabarar a waƙarsa Witch Doctor a farkon 1958 kuma ta kai lamba ɗaya a Amurka, a waƙar The Chipmunk Song sai ya ba muryoyin suna da hali. Alvin, Simon da Theodore sunayen mutanen kamfanin faifai na Liberty ne, Al Bennett, Si Waronker da injiniya Ted Keep. Alvin ya zama ɗan taurin kai, ana kira yana shiru har sai Dave, wato David Seville mai muryar mutum, ya daka masa tsawa, wannan faɗan shi ne abin da yara ke jira su kwaikwaya. To kai ma ka samo ɗan fitina ɗaya cikin naka, ka ba shi abu ɗaya da yake naci a kai, na Alvin hula hoop ne, zoben wasa da ake juyawa a ƙugu, wanda ake yayi a Amurka a shekarar.

Kar ta yi tsawo, tasu ba ta kai minti uku ba, irin wannan muryar tana saurin gundurar kunne.

Sai lokacin fitarwa. The Chipmunk Song ta fito ana dab da Kirsimeti kuma maganar kyautar Kirsimeti take yi, cikin Disamba ta hau saman jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka ta yi sati 4 a can, aka sayar da miliyoyin kwafi, ta ci kyautar waƙa ta Grammy guda 3 a bikin farko na 1959 har da na injiniyan sauti, kuma ba wata waƙar Kirsimeti da ta sake hawa lamba ɗaya a jadawalin sai ta Mariah Carey a 2019. In taka ta Sallah ce ko ta komawa makaranta, ka gama haɗa ta da wuri ka sake ta makonni kafin ranar, in ka bari sai hidima ta kankama hankalin kowa ya riga ya tafi wani wajen.