Yadda nake yi wa dangin majiyyaci bayanin jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa

Da zarar likita ya ce ba za a yi tiyata ba, tambayar dangi ɗaya ce: to jinin ina zai tafi? Ga yadda nake amsawa a bakin gado, ko zai amfani sababbin ma'aikatan jinya.

Ka fara da hoton CT. Ka ɗora yatsa kan farin tabon, ka ce wannan jini ne da ya daskare. Sannan ka gaya musu cinye shi za a yi. Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwa, maikurogiliya, su ne ke kewaye wurin cikin sa'o'i. Bayan 'yan kwanaki sai makurofej, wasu ƙwayoyin garkuwa, su shigo daga jini, suna haɗiye jajayen ƙwayoyin jinin daga gefe zuwa tsakiya. Sunayen ba dole ba ne. In ka ce "masu shara" kowa zai gane.

Inda nake ja da magana shi ne dalilin jinkiri. Kowace jar ƙwaya tana ɗauke da wani furotin, CD47, mai hana a cinye ta. Wadda aka daɗe ba a kwashe ba fashewa take yi, himogulobin, wato furotin da ke ba jini jan launi, ya malale, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa kuma yana cutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke kusa. Yana cikin abin da ke sa kumburi ya ci gaba da ƙaruwa har cikin mako na 2, lokacin da dangi suka fara sakin jiki. Don haka ka faɗa musu ƙarara: barci mai nauyi, amai, ciwon kai da ya tsananta ko ƙarin mutuwar ɓarin jiki, a kira mu nan take. Maganin hawan jini kada a tsallake. Asfirin kuwa sai da izinin likita.

Kada ka yanke musu rana. Makonni ake yi, babban daskararre har watanni. Ɓacewar farin tabo kuma ba ita ce dawowar hannu ko magana ba, wannan sai da gashin ƙashi da atisaye da haƙuri.

In an yi MRI daga baya aka ga baƙin zobe a wurin, ka kwantar musu da hankali. Ragowar ƙarfe ce da makurofej suka killace, tana iya zama shekaru, ba sabon jini ba ne.