Kurakuran da ake yawan yi wajen sa akwatin neman kaya mai harsuna da yawa a kantin intanet

Masu kantin intanet da yawa suna ɗauka da zarar an fassara maɓallai da sunayen shafuka zuwa Hausa da Faransanci da Larabci, aiki ya ƙare. Amma mai saye ba maɓalli ya zo karantawa ba. Akwatin nema yake zuwa kai tsaye, ya rubuta abin da yake so yadda ya saba faɗinsa a kasuwa. Idan aka ce masa "babu wannan kayan" alhali kayan suna nan jibge, ba zai yi maka waya ya yi ƙorafi ba, wani kantin zai tafi. Wannan asara ce da ba ta bayyana a littafin ciniki, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ta ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu sayar wa Hausawa shi ne na haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kai ka rubuta "ɗan kunne" a sunan kaya kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ita kuwa mai saye ta buga "dan kunne" don allon wayarta na Turanci ne. A wurin kwamfuta ɗ da d ba su haɗa komai ba. Wata kuma za ta rubuta "d'an kunne", wata ta nemi "'yan kunne", ta Maraɗi ta rubuta "ƴan kunne" tunda a Nijar ƴ ake amfani da ita inda Najeriya ke rubuta 'y. Ita kanta alamar da ke gaban y ɗin iri-iri ce: akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasa da wayoyi ke sakawa da kansu.

A nan ne masu haɗa manhaja suke faɗawa wani rami. Akwai dabarar da aka saba da ita ta warware harafi bisa tsarin Unicode (tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta), a raba é ta Faransanci zuwa e da alamar da ke kanta, sannan a jefar da alamar. Tana aiki a kan é da à da ç, sai mutum ya ɗauka ta gama da Hausa ma. Ba ta taɓa ƙ ko ɗ, domin Unicode bai ɗauke su a matsayin k ko d mai ƙarin alama ba, haruffa ne masu zaman kansu. Idan kana amfani da injin nema irin su Elasticsearch ko OpenSearch, matatar rubutu mai suna asciifolding tana mayar da su b, d, k, y. Idan wani injin ne, ka rubuta jadawalin musayar da hannunka, ka haɗa da manyan haruffa Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, ka kuma share alamar da mutane ke liƙawa a k' da d' da b'. Sharaɗi ɗaya: tacewar da aka yi wa sunan kaya lokacin ajiye shi, ita za a yi wa abin da mai saye ya rubuta. In aka tace ɓangare ɗaya kawai, matsalar tana nan.

Kada kuma a wuce gona da iri a zubar da asalin rubutun. Bargo na rufa daban, ɓargo na ƙashi daban. A ajiye siffofin biyu, a fifita wanda ya yi daidai da abin da aka buga harafi da harafi. Matatar da na ambata tana da zaɓin preserve_original don wannan.

Sai kuskuren zuba dukkan harsuna a rumbu ɗaya a tace su da ƙa'idar Turanci. Injin nema yakan yanke wutsiyar kalma don jam'i da tilo su haɗu, yakan kuma watsar da ƙananan kalmomin da yake ganin ba su da amfani. Kowane harshe da nasa. Faransanci na buƙatar a cire l' daga "l'huile". Larabci na buƙatar a daidaita siffofin alif, a kula da "al" ta farkon kalma. Jerin kalmomin watsarwa na Turanci kuwa yana ɗauke da "a", don haka mai neman "vitamin A" zai iya samun kowane irin bitamin. Gyaran shi ne kowane harshe ya samu filinsa da matatarsa: suna na Hausa, suna na Faransanci, suna na Turanci.

Hausa fa? Elasticsearch na zuwa da matatun Larabci da Faransanci da Turanci da wasu harsuna da dama, amma babu ta Hausa a cikinsu. Ko da mutum ya so ya ƙirƙiro ta yanke wutsiya, jam'in Hausa ba ya bin hanya ɗaya: riga riguna, takalmi takalma, zane zannuwa, jaka jakunkuna, tukunya tukwane. Ga kuma "rigar", "takalmin", "hular". Abin da ya fi aiki shi ne jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da mutum zai zauna ya rubuta. Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba, domin nau'in kayan kanti ɗaya ba su da yawan da zai gagara.

Wannan jerin ne kuma zai ɗauki abin da na fi ganin muhimmancinsa a duk maganar: sunan kaya a bakin masu saye. Shadda ita ce "bazin" a wurin mai Faransanci, ita ce "brocade" a Turanci. Atamfa ita ce "ankara" a Legas, "pagne" a Yamai da Kwatano. Leshi shi ne "lace" da "dentelle". Injin fassara ba ya zuwa Kantin Kwari, saboda haka wanda ya tura masa dukkan sunayen kaya ya fassara, ya liƙa ba tare da dubawa ba, zai samu Hausar da ba mai nema da ita. Ya fi muni idan injin ya fassara sunan kamfani: sabulun Dove ya koma kurciya, wayar Apple ta koma tuffa. Sunan kamfani da lambar samfuri a sa su a filin da ba a fassarawa, ba a yanke musu komai. Sauran sunayen kuma a ba wanda ya taɓa tsayawa a shago ya duba.

Wani kuskuren shi ne dogara da manhaja ta gane harshen mai saye daga abin da ya buga. Kalma ɗaya ko biyu ba su isa ba. "Pain" burodi ne a Faransanci, ciwo ne a Turanci. "Sale" rangwame ne a Turanci, datti a Faransanci, sunan mutum a Hausa. Balle mutanenmu da ke cakuɗa harsuna a layi ɗaya, kamar "takalmin ball size 42" ko "riga bazin fara". Haka nan kuskure ne a kulle nema a harshen da shafi yake kai. Wanda ya buɗe shafin Turanci yana iya rubuta "turare". A bincika dukkan filayen a lokaci guda, a ɗan ƙara wa harshen shafin nauyi, shi ke nan.

Yafe kuskuren rubutu abu ne mai kyau, amma yana da haɗari a Hausa saboda kalmominmu gajeru ne. Tsarin AUTO na Elasticsearch yana yafe harafi ɗaya a kalma mai haruffa 3 zuwa 5, biyu a wadda ta fi haka. Ke nan mai neman gero za a iya kawo masa goro, mai neman zane a kawo masa zare. Abin da ya dace shi ne a fara da daidai-wa-daida, sai in ba a samu komai ba a sassauta, a kuma nuna wa mai saye cewa an sauya masa kalma.

Lambobi ma suna da nasu. Mai Faransanci zai rubuta 1,5 inda mai Turanci zai rubuta 1.5, wani mai Larabci ya buga ٤٢ maimakon 42. A mayar da su siffa ɗaya kafin nema.

Yanzu ana yayin nema mai amfani da ƙirƙirarriyar basira, wanda ke bin ma'ana maimakon harafi. Yana taimakawa idan mutum ya rubuta dogon bayani, kamar "abin da zan ba amarya". Amma waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a harsunan da rubutunsu ya yi yawa a intanet, kuma sukan rikita lambobin samfuri masu kama da juna. Ra'ayina shi ne a ɗora shi a kan neman kalmomi, kada a maye gurbinsa da shi, kuma a gwada shi da Hausar masu saye ta gaskiya kafin a biya kuɗinsa.

Daga ƙarshe akwai sakacin rashin duba abin da mutane suka nema ba su samu ba. Shopify (manhajar kafa kantin intanet) da Algolia (injin nema) suna nuna wannan rahoton, a WooCommerce (wata manhajar kafa kanti) kuma ana iya ƙara shi da ƙaramar manhaja. Ka ware lokaci duk mako ka karanta kalmomin da suka dawo fayau, ka raba su uku: wanda kuskuren rubutu ne, wanda sunan kaya ne da ba ka sa a jerinka ba, da wanda kayan ne ba ka da su. Na biyu ka ƙara shi a jerin a ranar. Na uku ka kai wa mai sayo maka kaya. Kuma duk lokacin da ka sauya matatar rubutu, ka sake gina fihirisar kayan (jerin da injin nema ke dubawa) gaba ɗaya, sannan ka ɗauki ƙaramar waya mai allon Turanci ka buga kalmomi ashirin da aka fi nema, ka ga abin da ya fito a sahun farko.