Gida ɗaya, Turanci ya raba shi biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon Turanci. Jiya ina duba littafin ƙanwata mai shirin WAEC, sai na ga ta rubuta "I am going to home". Kuskuren nan ya yi yawa a wajenmu, don mu "gida" kawai muke cewa.

"House" shi ne ginin: bulo, kwano, ƙofa, abin da ake saye ko a ba da haya. "Home" kuwa inda kake kwana, inda iyalinka suke, ko da ɗaki ɗaya ne a gidan haya. Bahaushen da ke Legas in ya ce zai tafi "home" da Sallah, garinsu yake nufi.

Ku riƙe wannan da kyau: ba a sa "to" kafin "home" in ana maganar tafiya. "Go home", "come home". In kana zaune a ciki, sai ka ce "at home".

"Homework" aikin da malami ya bayar ne, "housework" kuma shara da wanke-wanke. Mai neman bizar Birtaniya zai ci karo da "Home Office": ma'aikatar cikin gidansu ce.