Yadda Ake Gyara Tsohon Gidan Bulo a Garuruwan Bakin Teku

Duk wanda ya gaji gida ko ya sayi tsohon gini a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko a Nima ta birnin Akara, ko a unguwar New Bell ta Duwala, ya san irin abin da bango yake yi bayan shekara ashirin ko talatin. Fenti yana kumbura yana ɓarewa, filasta tana zubowa kamar gari idan an shafa ta da hannu, wani farin abu mai kama da kanwa yana tsatsafowa daga ƙasan bango, ɗaki kuma yana warin laima ko da an buɗe tagogi yini guda. A arewa damina tana yin watanninta huɗu ko biyar ta wuce, sannan rani da hunturu su busar da gini tsaf. A Legas kuwa ana ruwa tun daga Afrilu har Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, a Duwala ruwan shekara yana haura milimita 3,500, iskar da ke kaɗowa daga teku kuma tana ɗauke da gishiri. Bango a irin waɗannan garuruwa ba ya samun dogon hutu, shi ya sa maginin da ya zo da dabarar Kano ko Zinder, ya kankare ya shafe ya yi fenti, yakan ga aikinsa ya lalace kafin damina biyu.

Aikin farko shi ne gano ta inda ruwa yake shiga, kuma bai kamata a sayi buhun siminti ko ɗaya ba kafin a gama wannan bincike. Bulon yashi da siminti yana shan ruwa kamar soso, balle idan mai buga shi ya ja buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni. Idan tabon danshi ya faro daga ƙasa ya hau har wajen mita ɗaya, ya tsaya a wani layi mai kama da shatin ambaliya, to ruwan ƙasa ne yake hawa ta cikin bulon. Idan tabon yana kusa da rufi, ko ƙarƙashin taga, ko yana ƙara duhu bayan an yi ruwa, daga sama ko daga waje yake shigowa. Idan kuma yana wuri ɗaya rani da damina, a bayan banɗaki ko madafa, a fara zargin bututun da aka binne a bango. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama: a samu leda mai faɗin rabin mita, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru tsakanin leda da bango, danshin daga cikin bulo yake fitowa, idan kuwa ta taru a fuskar da ke kallon ɗaki, tururin ɗakin ne yake sauka a bango mai sanyi, maganinsa kuma iska ce ta riƙa ratsawa.

Ruwan ƙasa shi ne ya fi wahalar da mutane, kuma sau da yawa laifin ba na ginin asali ba ne. A unguwanni masu yawa an sha cike titi da tsakar gida da yashi domin gudun ambaliya, har ƙasar waje ta zo daidai da daɓen ɗaki ko ta fi shi tsayi, ta binne shingen hana danshi da aka shimfiɗa a saman tushen gini, wanda magina ke kira dipisi. Matuƙar ƙasa ta haye wannan shinge, ya daina aiki. Abin da ya dace shi ne a kwashe ƙasar da ke jingine da bango har ta sauka aƙalla santimita 15 ƙasa da shingen, sannan a yi daɓe mai gangare a kewayen gidan domin ruwa ya riƙa nesa da tushe ya nufi kwata. Inda ba za a iya sauke ƙasa ba saboda titi ya riga ya hau, a haƙa siririn rami a gindin bango, a cika shi da tsakuwa, a ba shi mafita. A kuma duba kwatar kanta, domin kwatar da ta toshe da leda da yashi tana tsiyayar da ruwa cikin tushe dare da rana, haka ma ramin ruwan banɗaki da aka haƙa dab da bango.

Maganar rufi ba ta da tsawo. A canza kwanon da tsatsa ta huda, a toshe ramukan ƙusa, a share magudanar rufi, a sa wa indararo bututu ya kai ruwa ƙasa maimakon ya riƙa zuba a jikin bango. Kwanon alminiyam ya fi jure iskar gishiri a kan kwanon ƙarfe. Saman katanga da zankon da ya wuce rufi suna bukatar murfin siminti mai gangare, in ba haka ba ruwa zai sauka kai tsaye cikin ramukan bulo.

Sai an tare ruwa ake taɓa filasta, lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke kuma ɗan hunturun da ke isa bakin teku yake taimaka wa bushewa. A bi bangon da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi ƙarar holoƙo filasta ta saki, a cire ta. A wurin danshin ƙasa a fasa filasta har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, domin gishirin ya wuce inda ido ke gani. Sannan a bar bulon tsirara ya sha iska na makonni, kuma a nan ne yawancin masu gida suke gajiya, saboda ba wanda yake son baƙi su tarar da zaurensa a kankare. Amma farin gishirin da zai riƙa fitowa a wannan lokaci shi ne cutar take fita. A goge shi da busasshen burushi a kwashe, kada a wanke shi da ruwa, domin ruwa narkar da shi zai yi ya mayar da shi cikin bango. Bulon da ya ruɓe har yatsa yana iya tona shi a cire shi ɗaya bayan ɗaya a sa sabo, kada a buɗe dogon layi lokaci guda bango ya rasa abin da zai tsaya a kai.

Yashi da ruwan kwaɓi su ne wurin da ake yawan cutar mai gida. Yashin bakin teku, da wanda aka yaso daga ruwan da ke gauraye da na teku ba a wanke shi ba, yana zuwa da gishirinsa, kuma wanda ya yi filasta da shi ya shuka cutar da yake ƙoƙarin cirewa. A nemi yashin kogi mai tsabta, a gwada shi da kwalba: a zuba yashi zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan lakar da ta zauna a sama ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a wanke shi ko a nemi wani. Ruwan rijiya a kusa da teku yakan yi zartsi, ƙa'idar kuwa ita ce ruwan da ba za a iya sha ba kada a kwaɓa siminti da shi. A kan tsohon bulo mai rauni, awo ɗaya na siminti da awo biyar ko shida na yashi ya isa. Magina da yawa suna ganin yawan siminti shi ne ƙarko, alhali filastar da ta fi bulon ƙarfi tsagewa take yi ta ɓallo da fuskarsa. A jiƙa bango kaɗan kafin a fara, a yi shafi biyu da kaurinsu duka bai wuce santimita 2 ba, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai.

Tsaga iri-iri ce. Siririya mai kama da gashi a fuskar filasta ba ta da haɗari, a ɗan faɗaɗa ta a share ƙura a cike ta. Amma tsagar da ke bin gaɓoɓin bulo kamar matakala, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ta zo tare da ƙofa ta fara cijewa, alama ce tushe yana motsi, abin da ke yawan faruwa a filayen da aka cike fadama aka yi gini. A yi alama da fensir a iyakar tsagar, a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta duk mako biyu. Idan tana ƙaruwa, ko ta kai milimita 5, aikin ya fi ƙarfin birkila, a kira injiniyan gini mai rajista, a Nijeriya wanda COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ta yi wa rajista.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne tsatsar rodi a linta da ginshiƙi da ƙarƙashin dekin. Gishiri yana ratsa kankare ya isa ƙarfe, ƙarfen da ya yi tsatsa kuma yana kumbura ya ninka girmansa, ya tsaga kankaren daga ciki. Alamarsa jan tabo ne da doguwar tsaga mai bin layin rodi, daga baya gutsuren kankare ya fara faɗowa a kan mutane. Kafin a sa guduma a tokare wurin da katako ko ƙarfe mai ƙarfi. Sannan a fasa kankaren da ya lalace har a isa ƙarfe mai lafiya ta kowane ɓangare, a buɗe bayan rodin yadda yatsa zai zagaya shi, a goge shi da burushin waya har ya yi haske, a shafa maganin tsatsa, a mayar da kwaɓi mai ƙarfi na awo ɗaya na siminti da uku na yashi haɗe da ruwan gam na siminti, a tabbata kaurin da ya rufe ƙarfen ya kai santimita 4 ko 5. Idan tsatsa ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin rodi, ko wurin ginshiƙi ne mai ɗauke da bene, kada a ci gaba sai injiniya ya gani. Mai aikin ya sa tabarau da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

A bar sabuwar filasta ta yi kimanin kwana 28 kafin fenti, a kuma zaɓi fentin ruwa da ke barin bango ya yi numfashi. Fentin mai a bango mai laima tarko ne, haka ma tayil ɗin da ake liƙawa a ƙasan bango domin ɓoye tabo, wanda ba abin da yake yi illa tura danshin sama ya ɓullo a inda tayil ya ƙare. Gansakuka da baƙin funfuna ana wanke su da ruwan bilic da aka sirka sosai, tagogi a buɗe, ba tare da an haɗa shi da wani maganin wanki ba.

Gidajen zango, wato unguwannin Hausawa a waɗannan garuruwa, da yawa na gado ne, magada goma kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara ciro kuɗi, 'yan haya kuma suna ganin ba nasu ba ne. Ya fi sauƙi a ware wani abu daga kuɗin haya a ɗora wa mutum ɗaya alhakin zagaye biyu a shekara. A watan Maris, kafin ruwa ya sauka, ya hau rufi ya yashe kwata ya duba indararo. A watan Nuwamba kuma ya bi bango da guduma da fensir, ya janye kabad da katifu daga jikin bango ya leƙa bayansu, ya rubuta abin da za a gyara kafin Fabrairu ya fita.