Yadda ake gina ƙwaƙwalwar yaro tun yana jariri

Da yawanmu gani muke jariri bai san komai ba, wai sai ya shiga makaranta za a fara koya masa. Wallahi kafin nan aiki ya yi nisa, don a shekarun farko ƙwaƙwalwarsa tana ƙulla hanyoyin sadarwa tsakanin ƙwayoyinta sama da miliyan 1 a kowace daƙiƙa, kuma yana shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Hanyar da ake yawan bi ita ke ƙarfi, wadda aka bari kuwa ƙwaƙwalwar da kanta take datse ta.

To abu na farko, ki dinga amsa masa. In ya yi gwaranci ki kalli idonsa ki mayar masa, sai ki ɗan yi shiru ki bar shi ya sake, in ya miƙa hannu ga wani abu ki faɗa masa sunansa, ko wanka kike masa ki dinga magana kawai kamar yana ganewa, ai da haka zai gane ɗin. Ni a ganina wannan ya fi duk kayan wasa masu tsada. Kuma baba, aikin nan har da kai fa.

Sannan in ya yi kuka a ɗauke shi. A gidajen marayun Romaniya an ga yaran da ake ciyar da su amma ba mai rungumarsu sun koma baya sosai, waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu kafin shekara 2 su suka fi farfaɗowa.

Na uku shi ya fi damuna. Tsawa, duka, faɗa a gabansa kullum, duk suna sa sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ya daɗe a sama, ƙwaƙwalwar ta koma zaman tsoro maimakon koyo. In ranki ya ɓaci ki kwantar da shi inda ba zai faɗo ba ki ɗan huta, don Allah kar a girgiza jariri.

Sai waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce ɗan ƙasa da shekara 1 kar ya kalli allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a rana. Nono zalla wata 6, bayan nan a haɗa da abinci mai sinadarin ƙarfe da ayodin, a kuma bar shi ya ƙoshi da barci.