Yadda Ake Adana Tsohon Littafin Firamare

Masu tara tsofaffin littattafan koyon karatu sun yi ta tambayar abin da za su yi idan littafi ya shigo hannu. Ga matakan:

1. Ƙirga shafukan kafin ka biya kuɗi. Na tsakiya ne ke fara zarewa.
2. Duba wanda ya buga shi. In NORLA ce ta Zariya, wato tsohuwar hukumar buga littattafai ta Arewa, bai wuce 1959 ba. In NNPC ce, wato kamfanin buga littattafai na Arewa (ba na man fetur ba), daga 1966 ne zuwa sama.
3. Kakkaɓe ƙurar da busasshen buroshi mai laushi.
4. In yana warin danshi, buɗe shi ka shanya a inuwa. Rana na kashe launin hotuna.
5. Ɓanɓare wayar ɗinkin a hankali in ta yi tsatsa, don tsatsar na cin takarda.

Hattara: kada ka liƙe yagaggen shafi da salatif. Gam ɗinsa yana rina takarda, tabon kuma ba ya fita. Ka bar rubutun ɗalibin da ke bango, yana taimakawa wajen gane shekara.

6. Naɗe littafin da farar takarda. Banda leda, tana tara gumi.
7. Kwantar da shi a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da bango, saboda gara.
8. Leƙa shi kowane wata da damina.