Takardar "Muna Sayen Gida Kuɗi Hannu": Jan Kunne ga Sababbin Zuwa Ingila

Ba za ka yi wata guda a Ingila ba sai ka tsinci takardar nan a bayan ƙofa, an jefo ta ta ramin wasiƙu tare da tallar gidajen abinci da ta masu wanke tagogi: "Muna sayen kowane irin gida, kuɗi hannu, cikin kwana bakwai." Kai da kake haya a ɗaki ɗaya, dariya za ka yi ka wurga ta kwandon shara. To amma shekaru a ƙasar nan gudu suke. Yau kana neman inda ake sayar da manja da daddawa a Bradford ko Manchester, gobe ka ga ka karɓi makullin gidan da banki ya saya maka. Jibi kuma aiki ya mayar da kai wani gari, ko tsohuwa ta kwanta rashin lafiya a Katsina ko Damagaram, ko bashi ya sha maka kai. Ranar ce za ka tuna da takardar.

Mu a gida mun san yadda ciniki ke faɗawa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a ji "na sallama". A ba da kafin alƙalami a gaban shaidu da mai unguwa, magana ta ƙare, wanda ya tayar da ciniki shi zai kwana da kunya. A Ingila da Wales "na sallama" ba ta ɗaure kowa. Sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya da aka sa wa hannu, sannan ciniki ya zama dole. Kafin nan mai saye na iya janyewa ko ya rage tayi, kai ma kana iya sayar wa wanda ya fi shi, babu mai kai wani ƙara. Skotland tsarinta daban ne, ba ita nake magana a kai ba.

Hanyar da akasarin mutane ke bi ita ce ta kamfanin dillancin gidaje. Su zo su kimanta, su ɗauki hotuna, su sa a shafukan intanet na tallar gidaje irin su Rightmove da Zoopla, mutane su yi ta shigo maka har uwar ɗaki suna buɗe durowa. La'adarsu galibi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ce, sai harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar. Doka kuma ta ce sai gidan yana da takardar shaidar amfani da makamashi, wadda ke aiki shekara 10. Abin da ke tsufar da mutum a wannan hanya shi ne sarƙa. Wanda zai sayi gidanka sai ya sayar da nasa, wanda zai sayi nasa yana jiran banki, shi kuma bankin yana jiran rahoton mai duba gini. Mutum ɗaya ya fasa a can ƙarshe, wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, duk ku zube. Wata huɗu, biyar, shida, duk ba abin mamaki ba ne.

Sarƙar nan ce ta kai ni ga kiran lambar da ke jikin takardar. Na samu aiki a wani gari, ina biyan haya a can ina biyan banki a nan, mai sayen da na samu kuma ya janye bayan wata uku. Wanda ya ɗauki wayar bakinsa kamar zuma. Ya yi tayin da ya yi ƙasa da kimar gidan, amma ba sosai ba, na ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Suka turo mai duba gini, ya zagaya da 'yar na'urarsa yana manna ta a bango, ko minti ashirin bai yi ba. Muka ɗaure kaya a kwalaye, uwargida ta naɗe kwanukanta da tsofaffin jaridu, na biya kuɗin motar kwasar kaya. Saura kwana uku a yi musayar takardu sai ga kira: wai an ga laima a bangon madafa, kuma rufin ya tsufa, don haka sun zabge dubban fam. Ina tsaye tsakiyar falo, babu ko kujerar zama, na gane cewa jira suka yi sai da na kai inda juyawa ke da wuya. Na ƙi. Na sha wahalar wata huɗu a gaba, amma gidan ya tafi da daraja.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2013 hukumar kare cinikayya ta lokacin, Office of Fair Trading, ta binciki wannan sana'a, kuma zabge farashi a ƙurarren lokaci na cikin abubuwan da ta yi tir da su.

Mu buga lissafi, don shi ne ke raba gardama. A ce gidanka ya kai fam 200,000. Ta hannun dillalai aka taya 195,000 ka sallama. La'ada kashi 1.5 da harajinta ta ci kusan 3,500, lauya ya karɓi kamar 1,500, ka kuma yi wata shida kana biyan banki da harajin ƙaramar hukuma da inshora, a ce 6,000. Ka tashi da 184,000. Kamfanonin kuɗi hannu kuwa galibi tsakanin kashi 75 da 85 cikin 100 na kimar gida suke bayarwa. A kashi 80, 160,000 ke nan, ko da sun biya maka lauya kamar yadda suke tallatawa. Bambancin fam 24,000 ne. Ka juya shi zuwa naira ko sefa ka ga fili nawa ke nan a gida. Wannan kuɗi shi ne farashin sauri, kuma ba zalunci ba ne in an faɗa maka tun farko, don su ma riba suka fito nema. Tambayar ita ce ko watannin da za ka tsallake sun kai hakan a wurinka.

Wani lokaci sun kai. Idan banki ya riga ya kai ka kotu zai ƙwace gidan, ko gidan gado ne da ya lalace kuma magada na Najeriya babu mai zuwa ya gyara, ko bene ne da wa'adin hayar filinsa ya yi ƙasa da shekara 80 har bankuna suna ɗari-ɗari da ba mai saye rance, to mai kuɗi hannu na iya zama mafita. Ko a nan ma, mai fama da bashi ya fara zuwa ƙungiyoyin agaji irin su Citizens Advice ko StepChange ko Shelter, shawararsu kyauta ce. Akwai kuma gwanjo: guduma na faɗuwa ciniki ya ɗauru, mai saye ya ajiye kashi 10 nan take, a kammala yawanci cikin kwana 28.

In har ka yanke za ka bi ta kuɗi hannu, kada ka kira su sai ka san kimar gidanka. Dillalai uku su zo su kimanta, ba sa karɓar ko kwabo, ka kuma duba farashin da aka sayar da gidajen layinku, domin hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, tana bayyana shi ga kowa. Ka tambayi masu kuɗi hannun kai tsaye: ku ne masu saye, ko za ku nemo wani ne? Da yawa 'yan kayi-nayi ne, aljihunsu babu komai, sai su ɗaure ka da takardar da ta hana ka sayar wa kowa na watanni suna yawon neman mai saye. Ka ce su nuna shaidar kuɗi a banki. Ka duba ko suna cikin ƙungiyar National Association of Property Buyers kuma suna ƙarƙashin The Property Ombudsman, inda za ka iya kai kuka. Lauya kuwa naka za ka ɗauka, ba wanda suka zaɓa maka ba, kuma kada ka sa hannu a komai sai ya karanta. Mu mutane ne masu kara, mukan ji nauyin yawan tambaya kada a ce ba mu yarda da mutum ba. Bature ba ya jin haushin tambaya, mai jin haushinta shi ne abin tsoro.

Wanda ya ce ka sayar masa sannan ka ci gaba da zama a matsayin ɗan haya, ka yi taka-tsantsan ninki biyu: wannan ciniki sai mai izinin FCA, hukumar kula da harkokin kuɗi, ke da ikon yin sa. Ka kuma kira bankinka, ko na Musulunci ne irin su Al Rayan da Gatehouse, ka ji adadin da za ka biya don rufe asusu, saboda wasu yarjejeniyoyin suna da tarar biya kafin wa'adi. Idan kuma ka riga ka koma gida da zama kafin a sayar, hukumar haraji ta HMRC na jiran rahoto daga gare ka cikin kwana 60 da kammala cinikin, ko da babu harajin da ya hau kanka.